Famfunan da Na Rufe

Ni mai gyaran famfo ne. A Daura na koyi sana'ar, wajen wani dattijo mai saurin hannu da ake ce wa Malam Ado. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne ya zo duba aiki ya tarar an bar famfo a buɗe. A garinmu ruwa ba ya sallama in zai zo. Sai ya yi kwana huɗu bai leƙo ba, ran da kowa ya fita kuma ya zo da ƙarfinsa, ka dawo ka tarar tsakar gida ta zama tafki. Sau ɗaya na yi wannan sakacin a wani gida can wajen Kusugu. Malam Ado ya kwaɗa mini sifana a gwiwar hannu a gaban matan gidan, har yau in hadari ya haɗu wurin yana yi mini tsami. Tun daga ranar, ko gidan wa na shiga na ga famfo yana zuba, hannuna ke riga tunanina isa wurin.

Da wannan hannun na kama hanyar Turai.

Bayan Agadas mun fi ashirin a bayan a-kori-kura, kowa rungume da jarkarsa. A rana ta uku direba ya ce wa wani magidanci ɗan Gambiya ya miƙo masa tasa jarkar. Ƙishi ya galabaitar da bawan Allah, jarka ta kuɓuce masa, yashi ya shanye rabin ruwan kafin a ɗaga ta. Direban ya je ya ɗauko ƙarfen kwance taya, ya yi ta zuba masa a kafaɗa da baki har haƙoransa biyu suka faɗo. Muna tsaye muna kallo. Ba wanda ya ce uffan, har da ni, jikan liman guda.

A Sabha, can Libiya, aka kulle mu a wani gida mai doguwar katanga. Kowace safiya sai a kwantar da mutum a ɗaure ƙafafunsa, a yi ta tsula masa tiyo a tafin ƙafa. Na sha nawa sau biyar. A na shida injin da ke ɗebo musu ruwa ya tsaya, na ce zan iya gyarawa. Wata uku na yi ina gyara wa masu dukanmu ruwan wanka, ina jin ihun 'yan'uwana ta bayan bango. Labarin teku kuwa ba na ba da shi, ko mahaifiyata ban ba ta ba.

A kudancin Italiya na yi damina guda ina tsinkar tumatir, har wani ya ba ni lambar wani Bahaushe da ke can arewa, gindin duwatsu. Da na kira na ce daga Daura nake, sai aka tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar dabbobi kamar da. Shi ne Malam Iro, mutumin wani ƙauye a ƙasar Baure, tsohon dillalin shanu. Ya girme ni da shekara goma sha. Ya ce in taho, in na iya jure wulaƙanci akwai aiki da wurin kwana.

Wurin aikin wani ƙaton fili ne mai tsakuwa, an kewaye shi da waya. Turawa suna da wani ɗaki a kan taya wanda suke ja da mota su tafi shan iska bakin ruwa. A cikinsa akwai gado, da kicin, da bayan gida, da tankin ruwa, da tukunyar ɗumama ruwa, komai ƙarami kamar na wasan yara. Malam Iro ya raɗa masa akurki, ni ma na bi shi. In sanyi ya kusa sai masu su su kawo su wannan filin a ajiye musu har bazara. Sun fi ɗari a jere. A wani tsohon akurki da rufinsa ke yoyo muke kwana mu biyu.

Mai filin ba zan faɗi sunansa ba. Mu Mai Kare muke ce masa, saboda wani baƙin kare da ba ya rabuwa da shi. Ƙato ne mai jan wuya, kuma da abin da ke hannunsa yake magana. In sifana ce ita zai jefo, in guduma ce sai ka kauce. A satina na farko na goga wa wani akurki fenti da baro, ya shaƙe ni ya buga kaina da jikin akurkin har na ga wuta. Malam Iro ya wanke mini goshi da ruwan gishiri yana cewa, “Injiniya, barka da zuwa Turai.” Haka yake kirana, Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na tambaye shi abin da ya zaunar da shi shekara shida a hannun wannan azzalumi. Ya ce takarda. Wani lauya mai taimakon baƙi ya gaya masa in Mai Kare ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki, zai samu izinin zama, ya iya zuwa gida ya ga iyalinsa ya dawo. 'Yarsa ta fari ta yi aure ba ya nan, ta haihu ba ya nan. Bana dai Mai Kare ya yi alkawari a gaban lauyan cewa da bazara zai sa hannu, amma wa mutum ɗaya kawai. Takarda ɗaya ce, kuma ta Malam Iro ce, ni ko a layi ba na ciki. Na ce Allah Ya tabbatar, da zuciya ɗaya na faɗa a lokacin.

Mutum ɗaya ne a wajen ke kallonmu a matsayin mutane, wata tsohuwa mai kiwon kaji a bayan waya. Malam Iro ya sa mata Goggo. Ba ta jin yarenmu, ni kuma ba na jin nata, amma takan miƙo mana ƙwai ta cikin waya. Ita ta ba ni rigar sanyin mijinta da ya rasu.

Ƙarshen watan Oktoba aka fara shirya akurki don hunturu. Ran farko Malam Iro ya soma da layin baya, akurki takwas na manyan masu kuɗi. Ni an sa ni wanke tayoyi, ban ga abin da yake yi a ciki ba. Da la'asar Mai Kare ya kwaɗa masa kira su je bakin tafki su jawo wani akurkin. Malam Iro ya jefo mini makullai yana gudu, ya ce ya gama nasa, in kulle ƙofofi in ja tampol in mayar da makullan ofis.

Na shiga na farko sai na tsaya. Famfon kicin a buɗe. Famfon wanke hannu ma a buɗe. Kan shawa yana yashe a ƙasa. A ƙarƙashin kujera an ɗaga wani ɗan bawul mai sakin ruwan tukunyar ɗumama ruwa, ina jin ruwa yana ƙugi yana fita. Na leƙa ƙasan akurkin, ga ruwa nan garai-garai yana kwarara a kan tsakuwa, ruwan da na ga an cire wa mutum haƙora a kansa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, dillalin shanu dai dillalin shanu ne, ya sauya ruwan tanki ya manta bai rufe ba, in Mai Kare ya gani kashe shi zai yi. Na danne bawul ɗin, na toshe tankin, na bi famfunan ɗaya bayan ɗaya na murɗe su tamau, irin murɗin Malam Ado. Haka na yi wa duka takwas ɗin. Na kulle, na ja tampol, na ɗaure igiya, ina jin daɗin na rufa wa ɗan'uwana asiri. Ban ma gaya masa ba, don kada ya ji kunya.

Bayan kwana uku Malam Iro ya ce in zo ya koya mini aikin sosai. Ya kashe injin tura ruwa. Ya buɗe tankin ruwa mai kyau da na ƙazanta suka tsiyaye. Ya ɗaga bawul ɗin tukunya. Ya buɗe kowane famfo ya tsayar da hannunsa a tsakiya, tsakanin zafi da sanyi. Ya jona injin iska ya hura a hankali har famfunan suka daina tofar da ruwa suka koma huci. Ya zazzage ɗan tankin bayan gida, ya tsiyaya wani ruwa mai launin hoda a kowace magudana, wai shi ba ya daskarewa. Sannan ya goge hannu ya nufi ƙofa.

Na ce, “Malam Iro, ba ka rufe ba.”

Ya ce ai ba a rufewa, haka za su kwana a buɗe har bazara. Ran da ya yi layin baya ma injin iskan yana wajen gyara, shi ya sa ya bar su su tsiyaye da kansu. Ya ce a nan ruwa in ya daskare kumbura yake yi, in bai samu hanya ba sai ya yi wa kansa. Na yi dariya. Na ce shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, na ga tsatsa ta ci ƙarfe, na ga rana ta fasa roba, amma ban taɓa jin ruwa ya fasa tagulla ba. Bai yi musu da ni ba. Ya je kwandon tarkace ya ɗauko wani famfo ya ɗora mini a tafin hannu. Tagulla ce mai kauri, ta tsage tun daga wuya har gindi.

Nan na tuna layin baya.

Abin da ya kamata in yi bai fi minti ɗaya ba: in buɗe baki in faɗa. Amma makullan suna rataye a ofis, karen yana kwance a ƙarƙashinsu, kuma ba a ɗauko su sai an gaya wa Mai Kare dalili. Na tuna yadda kaina ya bugu da jikin akurki a kan ɗan fenti. Na ce gobe. Goben ta zo na ce wataƙila yawancin ruwan ya riga ya fita kafin in rufe. Akwai kuma wani tunani da ya gifta mini, wanda sai yanzu nake iya rubuta shi: kowa ya san Malam Iro ne ya yi layin baya. Na yi a'uziyya na kore shi. Amma ya riga ya shigo, kuma bai fita duka ba.

A watan Disamba sanyi ya sauko da gaske. Wata safiya na ɗauki butarmu zan yi alwala na ji ta kamar dutse, gindinta ya tsage. Malam Iro ya yi dariya ya ce, “To Injiniya, ka ga aikin ruwan naka.” Ni ban yi dariya ba. Na daina iya cin abinci sosai, na daina bi ta layin baya. Shi kuwa yana ta lissafin tsarabar da zai kai wa jikarsa.

Cikin Janairu aka yi kwana biyu da rana, ƙanƙara ta saki. Wani likitan haƙori, mai ɗaya daga cikin takwas ɗin, ya zo ɗaukar wani abu a akurkinsa. Da hantsi ne. Ni na kwance igiyar tampol, Mai Kare ya buɗe ƙofa. Wani wari ya bugo mu. Katakon ƙasa ya kumbura ya baƙanta, katifa ta jiƙe, tukunyar ɗumama ruwa ta yage a gefe. Likitan ya yi ta faɗa, ya shiga motarsa ya tafi yana ambaton kotu. Mai Kare ya koma ofis ya kwaso sauran makullan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duka takwas.

Malam Iro ya shiga na farkon, ya kama famfon kicin zai murɗa, ya ƙi. Sai da ya sa hannu biyu. Ya fito ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kallon mai son ya tabbatar da abu kawai. Sannan ya kau da kai.

Da tiyon injin iska Mai Kare ya fara, wanda ke da bakin ƙarfe. Bugun farko ya fasa wa Malam Iro gira, jini ya rufe masa ido. Ya faɗi, ya tashi, aka sake kai shi ƙasa. Karen ya kama ƙafar wandonsa yana ja. Mai Kare yana duka yana ƙirga akurkin da yarensa, kowanne da nasa bugun. Da tiyon ya kuɓuce masa sai ya ɗauki babbar sifanar kama bututu. Malam Iro ya ɗaga hannun dama ya kare kansa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye, kamar an taka busasshen kara. Mai Kare bai tsaya ba, ya taka hannun da takalminsa a kan tsakuwa ya sake sauke masa sifanar.

Ina nan tsaye da igiyar tampol a hannuna, taku biyar tsakaninmu. Na san kalmar “ni ne” da yarensu, tana cikin kalmomin farko da na koya. Ta zo mini har baki. Na dubi sifanar, na dubi hannun Malam Iro, na haɗiye ta.

Goggo ce ta cece shi. Ta zo jikin waya tana ihu tana ɗaga wayarta sama, tana nuna za ta kira 'yan sanda. Mai Kare ya jefar da sifanar ya shige ofis. Ni da ita muka sa Malam Iro a 'yar motarta, kujerar duk ta ɓaci da jini. A asibiti ya ce musu ƙarfen jan akurki ne ya faɗo masa. Wanda ba shi da takarda ba ya kai ƙara. Likitoci suka yi abin da za su iya, amma yatsu uku ba su sake lanƙwasuwa ba.

Bayan sati biyu Mai Kare ya kira ni ofis. Ya yi laushi, har da ba ni kujera. Tsoro yake ji kada in yi magana, ni kuma na gane. Ya turo mini takarda a kan tebur, ga sunana a rubuce inda na Malam Iro ya kamata ya kasance. Na ce ya ba ni kwana ɗaya.

Na sami Malam Iro a wani ɗaki a bayan masallacin garin, inda wasu 'yan Maroko suka ba shi katifa. Hannun yana naɗe a ƙirjinsa. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga la'asar ɗin da na murɗe famfunan har zuwa tunanin da ya gifta mini. Ina magana ina kuka kamar ba namiji ba. Ya bar ni har na gama.

Ya ce, “Na sani tun da na taɓa famfon nan. Ni ban taɓa ɗaure famfo haka ba, wannan hannun mai sana'a ne.”

Na ce to me ya hana shi nuna ni.

Ya ce, “Da na nuna ka, kai zai karya, ni ya kore ni don na bar maka makulli. Takarda ta tafi a banza. Na ce gara ta zauna a hannun ɗan gida.” Ya gyara zaman hannunsa, ya ci gaba. “Rufewar ba ta dame ni ba, Injiniya, kuskure ne, da niyyar alheri ka yi. Wata biyu da rabi muna cin tuwo a kwano ɗaya kana kallona ina zancen jikata, wannan ne. Ka je ka sa hannu. Amma kada ka ce in yafe maka yau, don in na ce na yafe ƙarya na yi.”

Na sa hannu. Hunturu huɗu na ƙara yi a filin nan, ina yi wa mutumin da ya karya shi aiki, ina gaishe shi kowace safiya. Na zama gwani. Ba a sake samun ko ɗigo a akurkin da na taɓa ba, har masu su suna neman a ba su baƙon nan na Najeriya. Malam Iro kuwa da hannu ɗaya ba mai ɗaukarsa aiki. Kafin shekara ta zagayo ya sa kansa a cikin waɗanda ake mayarwa gida, ya sauka da jaka ɗaya.

Yanzu na dawo Daura, ina da shago da babur, mutane suna cewa Turai ta karɓe ni. Malam Iro ya koma kara, kasuwar shanu, yana dillanci kamar da. In za su ƙulla ciniki sai ya miƙa tsintsiyar hannu maimakon tafi. Duk wanda ya tambaye shi abin da ya sami hannun sai ya ce sanyin Turai ne. Ko iyalinsa ba su san da sunana a ciki ba, matarsa har addu'a take yi mini don na riƙe zumunci.

Duk shekara kafin azumi nakan hau babur in je ƙauyensu. Bana ma na je. Muka zauna a zaure, aka kawo fura, ya tambaye ni shago da yara, ya tsokane ni a kan tumbin da na ajiye. Da na ga ba kowa kusa sai na sauko daga tabarma na sake roƙonsa gafara, kamar yadda na yi bara da bara waccan.

Ya daɗe yana kallon yatsun nan uku. Sannan ya turo mini kwanon furar da hannun hagu.

Ya ce, “Sha, Injiniya. Da saura tukuna.”